Ma'aunin ƙarfi na keken tsere: a auna aljihu kafin a auna ƙafa

Duk wanda ya saba fita da sassafe ranar Lahadi a birnin Yamai, ko ta gefen filin wasa na Janar Seyni Kountché, ko ta gadar Kennedy zuwa Harobanda, ba zai rasa cin karo da su ba: samari biyar ko shida, wani lokaci har goma, a jere bisa kekunan tsere, kai a sunkuye, ƙafafu na juyawa kamar injin niƙa. Yawancin kekunan nan na hannu ne, sun gama aikinsu a Faransa ko Italiya kafin su sauka ƙasar nan. A bayan kowane keke kuwa akwai wanda ya biya kuɗinsa, ko uba ma'aikacin gwamnati, ko kawu ɗan kasuwa, ko maigidan da yaro ke tsare wa kanti. Su ne wannan fili ya nufa a wannan mako, domin buƙatar da samarin ke zuwa da ita yanzu ta wuce taya da sarƙa. Suna neman na'urar da Faransawa ke kira capteur de puissance, wato ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan feda, kuma kuɗinta kan kai na keken kansa, ko ma ya zarce.

Kafin mutum ya ce i ko a'a, ya kamata ya san abin da ake roƙonsa ya saya.

Abin da na'urar ke aunawa

Mai tseren keke yana da hanyoyi uku na sanin aikin da ya yi. Ta farko ita ce gudu, kilomita nawa a awa. Wannan ma'auni maƙaryaci ne a ƙasa irin Nijar. Yaron da ya kama hanyar Filinge a watan Janairu, iskar hunturu na dukan ƙirjinsa daga arewa maso gabas, zai ga gudunsa ya faɗi ko da ya zuba dukan ƙarfinsa. Da ya juyo gida iskar na tura shi, sai ya ga kamar ya zama zakara, alhali ƙafar nan ce dai ba ta canza ba. Hanya ta biyu ita ce bugun zuciya, wanda ake aunawa da ɗamarar ƙirji. Ta fi ta farko gaskiya, sai dai zuciya na jin zafin rana, tana jin ƙishirwa da rashin barci, kuma tana makara: mutum zai ɗauki daƙiƙoƙi da dama yana cikin wahala kafin bugun ya hau. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, ko cikin watan azumi, zuciya na iya bugawa da sauri alhali aikin da ake yi kaɗan ne.

Hanya ta uku ita ce a auna aikin kansa, da ma'aunin wat, irin wanda aka rubuta a jikin ƙwan fitila. Lissafin ba shi da wuya: ƙarfin da ƙafa ta danna, a ninka shi da tsawon hannun feda, a ninka da saurin juyawarsa. Mai keken da ke juya feda sau 90 a minti, da hannun feda mai tsawon milimita 172 da rabi, in yana fitar da wat 250, to ƙarfin da ke juya fedar ya yi daidai da nauyin kilo 15 zuwa 16. Wannan adadi bai damu da iska ba, bai damu da gangara ko hawa ba. Wat 250 a hanyar Kollo shi ne wat 250 a duwatsun Ruwanda.

Yadda ake kama wannan ƙarfi shi ne da wasu siraran wayoyi da ake mannewa a jikin ƙarfe. In aka taka feda, ƙarfen kan ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani, wayoyin su miƙe tare da shi, lantarkin da ke bi ta cikinsu ya canza, ƙaramar kwamfutar da ke ciki ta mayar da canjin zuwa lamba. Wani injiniya Bajamushe mai suna Ulrich Schoberer ne ya fara haɗa irin wannan a farantin keke a 1986, kamfaninsa kuwa shi ne SRM. Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku, a 1986 da 1989 da 1990, yana cikin manyan ƴan tseren farko da suka yi aiki da ita. A wancan zamani sai ƙwararru da masu bincike ke iya mallakarta. An daɗe a haka kafin farashi ya sauko, musamman bayan da kamfanin Stages na Amurka ya fito a 2012 da irin wadda ake mannewa a hannun feda na hagu kaɗai, ƙungiyar Sky ta Ingila kuma ta karɓe ta a 2014.

Kashi uku, farashi uku

Ana sa ma'aunin ƙarfi a cikin feda kanta, ana kuma sa shi a cibiyar ƙafar baya, amma wanda aka fi tambaya shi ne na hannun feda, kuma ya kasu kashi uku.

Na farko shi ne na hannun hagu kaɗai, irin na Stages da 4iiii. Ana kwance hannun hagu na keke, a ɗaura wani mai ɗauke da na'urar, aikin minti goma. Shi ya fi araha: sabo a Turai yakan kama daga kusan yuro 300 zuwa 400. Tun da yuro ɗaya ya tsaya a kan sefa 656 saura kaɗan, wannan na nufin jika 200 zuwa jika 260, kafin a sa kuɗin aikowa da na duwan. Aibinsa shi ne ƙafa ɗaya yake aunawa, sai ya ninka ta biyu. In yaro na fitar da wat 250, amma ƙafarsa ta hagu kashi 48 cikin 100 take bayarwa, na'urar za ta ga wat 120 ta rubuta 240. An tauye masa wat 10 ke nan. Ga mai horo wannan ba babbar asara ba ce, muddin kullum da na'urar nan ɗaya yake aiki, domin abin da ake nema shi ne a kwatanta jiya da yau. Matsalar kan taso ne ga wanda ya taɓa karaya ko ciwon gwiwa, wanda rabon ƙarfin ƙafafunsa ke canzawa in ya gaji.

Na biyu shi ne wanda ke zaune a cikin tauraron da ke riƙe da farantan sarƙa, irin na SRM da Quarq da Power2max. Tun da ƙarfin ƙafa biyu duka ta nan yake bi kafin ya isa sarƙa, babu ninkawa babu kintace. Shi ne masu horarwa suka fi amincewa da shi, kuma ya fi jure wahala domin a ɓoye yake. Kuɗinsa kan fara daga wajen jika 400, na SRM kuwa yakan kai miliyan ɗaya na sefa ko fiye. Sau da yawa sai an canza dukan farantin da hannuwansa, wani lokaci har da gatarin.

Na uku shi ne mai na'ura a hannun hagu da na dama, kowace ƙafa da lissafinta, kamar wanda Shimano ya sa a farantinsa na Dura-Ace. Yana da amfani ga wanda ke murmurewa daga rauni, amma yawancin samari za su kalli lambar rabon ƙafa mako ɗaya su manta da ita. Biyan ninki biyu saboda wannan lamba almubazzaranci ne ga mai farawa.

Dukansu masu ƙera su kan ce kuskurensu bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. A kan wat 250, kashi 2 wat 5 ne. Kada mai saye ya ƙara jika 300 don a rage masa wat biyu ko uku na kuskure.

A duba keke kafin a aika kuɗi

Nan ne aka fi yin asara. A ɗauki misalin ma'aikacin da ya tara kuɗin wata da watanni, ya ba wani ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa saƙo, kaya ya iso, aka kai wa mai gyaran keke, ya juya shi ya juya, ya ce ba zai shiga ba. Babu kantin da za a mayar, babu wanda zai saya a nan da rabin kuɗinsa. Abubuwa huɗu ne ke hana wannan baƙin ciki.

Na ɗaya, gatari, wato sandar ƙarfen da ta ratsa gindin keke ta haɗa hannuwan feda biyu. Na Shimano na zamani, wanda ake kira Hollowtech II, kaurinsa milimita 24 ne, kuma hannun hagu na 105 da Ultegra da Dura-Ace na irin wannan gatari suna shiga wa juna. Na SRAM mai suna DUB ya kusa milimita 29, akwai kuma masu milimita 30. Tsofaffin kekuna da yawa da ke yawo a Yamai gatarinsu mai kai murabba'i ne, kuma hannun zamani ba ya hawa kansa ko kaɗan. Mai irin wannan keke sai dai ya canza gindin duka, ko ya nemi ma'aunin cikin feda.

Na biyu, tsawon hannu. An buga shi a bayan hannun, kusa da ramin feda: 170, ko 172,5, ko 175. Dole sabon ya zama daidai da na dama. Hannu biyu masu tsawo dabam suna karkatar da zama, suna jawo ciwon gwiwa da na baya.

Na uku, sarari. Na'urar hannun hagu wani ɗan ƙullutu ce a cikin hannun, ta ɓangaren da ke fuskantar jikin keke. Ana buƙatar tazarar kusan milimita 10 tsakanin hannun da ƙarfen da ya nufi ƙafar baya. A auna da ma'auni, kada a auna da ido.

Na huɗu, ga mai sayen irin na tauraro, a ƙidaya ƙusoshin da ke riƙe faranti, huɗu ne ko biyar, a kuma san faɗin da'irarsu, milimita 110 ne ko 130. In ba su dace ba, sai an sayi sabbin faranti, kuɗi ya ƙaru.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki hoton lambar da ke bayan hannun feda da ta gindin keke, a aika wa mai sayarwa, a sa shi ya tabbatar a rubuce cewa kayan zai shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zafi, ƙura da batir

An ƙera waɗannan na'urori ne da tunanin ruwan sama da sanyin Turai. A nan abokan gābarsu zafi ne da ƙura. Ƙarfe na buɗewa in ya ji zafi, kuma na'urar na iya ɗaukar wannan buɗewa a matsayin ƙarfin ƙafa. Mai fita da asuba ya dawo da hantsi ya ratsa bambancin digiri 10 ko fiye. Saboda haka a tabbatar na'urar tana gyara kanta da kanta in zafi ya canza. Yawancin na zamani suna yi, wasu tsofaffi ba sa yi. Ko da tana yi, al'ada mai kyau ita ce a fitar da keke waje ya sha iska minti 10 zuwa 15, a tsayar da hannun feda ya kalli ƙasa, ƙafa ba ta kai, sannan a danna maɓallin mayar da ita sifili. Wanda ya fito da keke daga ɗaki mai na'urar sanyi ya hau nan take, lambobin rabin awar farko ba abin dogaro ba ne.

Game da batir, akwai masu ɗan batir mai kama da kwabo, lamba CR2032, irin na makullin mota da na cikin kwamfuta, wanda kan yi wajen awa 200 a yawancinsu, wasu sababbi ma fiye da haka. Akwai kuma masu caji. Na kwabo ya fi dacewa da nan, domin ana samunsa wajen masu gyaran agogo da masu kayan lantarki a Babbar Kasuwa, ba ruwansa da ɗaukewar wutar bazara, kuma in ya mutu a canza shi a ci gaba. Mai caji in batirinsa na ciki ya tsufa, sau da yawa sai an mayar da shi kamfani, tafiyar da ba ta da sauƙi daga Yamai. Raunin mai kwabo shi ne murfinsa. Akwai wani siririn zoben roba a bakin murfin, shi ke hana ruwa da jar ƙura shiga; in ya tsage na'urar ta kusa mutuwa. A roƙi mai sayarwa ya haɗo da murfi da zobe na ajiya. Kada kuma a kai keken wajen wankin mota a fesa masa ruwa mai ƙarfi. Tsumma da bokiti sun isa.

Abu na ƙarshe da akan manta: na'urar ba ta da fuska. Tana aika lambobinta ne ta iska, ta hanyar ANT+ ko Bluetooth, zuwa ƙaramin agogon da ake ɗaurawa a kan sitiyarin keke, irin na Garmin ko Wahoo ko Bryton. Wannan wani kuɗi ne dabam. Wayar salula na iya yin aikin, sai dai wayar da ta sha ranar Yamai awa biyu a kan sitiyari takan yi zafi ta kashe kanta. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya barin ta cikin aljihun riga tana rubutawa, ya karanta in ya dawo.

Hattara da na hannu

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a wannan kasuwa akwai dalilai biyu na ƙarin hattara. A watan Satumba na 2023 kamfanin Shimano ya yi kiran a kawo a duba wasu farantansa na Ultegra da Dura-Ace masu giya 11 waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019, domin hannuwansu da aka haɗa da gam suna iya rabewa mutum na cikin gudu. A Amurka da Kanada kaɗai abin ya shafi guda 760.000. Lambobinsu su ne FC-6800, FC-R8000, FC-9000, FC-R9100 da FC-R9100-P. Irin waɗannan kaya su ne kan ƙare a kwantenar gwanjo. Ɗan kasuwar da ke shigo da kekunan tsere, da uban da ke saye, su duba wannan lamba, su duba ko akwai tsaga ko alamar rabuwa a jikin hannun. Maganar rai ce, ta fi maganar wat.

Dalili na biyu, kamfani ma na mutuwa. Stages, wanda ya sauko da farashi a 2012, ya dakatar da aiki a watan Afrilun 2024, daga baya a shekarar kamfanin Giant na Taiwan ya sayi kadarorinsa. Mai sayen tsohuwar na'ura ya fara tambaya wa zai gyara ta, ina za a sami murfinta. Ga kuma nisan hanya: bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome, tafiya ta ƙara tsawo da tsada. Abin da ya lalace a nan, a ɗauka ya tafi ke nan. Don haka kada a sayi na hannu sai an gan shi a haɗe da agogo yana ba da lamba, an mayar da shi sifili sau biyu ko uku an ga lambar ba ta tsalle.

Wa ya cancanci a saya masa?

Gaskiyar da samari ba sa son ji ita ce ma'auni ba ya ƙara wat ko ɗaya. Yaron da ba shi da hular kwano, tayoyinsa sun suɗe, yana hawa kilomita 80 da shayi da burodi a ciki, jika 250 ɗin nan sun fi masa amfani a kan hula da taya da sarƙa da abinci mai gina jiki, da ɗamarar bugun zuciya wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ma'aunin ba. Wanda ya cancanta shi ne wanda ya yi shekara biyu ko uku yana horo a kai a kai, yana shiga gasa, yana rubuta abin da ya yi, kuma akwai wanda zai karanta masa lambobin.

Karatun ba shi da wuya in an sa kai. Hanyar da Hunter Allen da Andrew Coggan suka yaɗa a littafinsu na 2006 ita ce mutum ya yi gudun minti 20 da iyakar ƙarfinsa, ya ɗauki kashi 95 cikin 100 na matsakaicin wat ɗin, wannan shi ne kimanin abin da zai iya riƙewa na awa ɗaya. Yaro mai nauyin kilo 65 da ya yi wat 240 a minti 20, adadinsa 228 ne, wato wat 3 da rabi a kowane kilo. Manyan ƴan tseren duniya kan kai wajen wat 6 a kilo a kan dogayen duwatsu. Daga wannan adadi ake tsara horo, a san ranar wahala da ranar hutu, a maimaita gwajin bayan mako shida ko takwas a ga ko an ci gaba. Yana kuma taimakon mai horo a kusa da gari, tun da rashin tsaro ya sa ba kowace doguwar hanya ake bi ba: ɗan guntun titi mai kilomita 5, in ana maimaita shi da ma'auni, ya isa makaranta.

Ga kuma dalilin da ya sa bai kamata a yi wa maganar dariya ba. Maƙwabciyar ƙasa Burkina Faso na shirya Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay, ɗan Eritiriya, ya ci gasar Gent-Wevelgem a 2022, ya kuma ci zango uku da koriyar riga a Tour de France ta 2024. A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a nahiyar Afirka. Idon masu neman ƴan wasa ya juyo wannan nahiya, kuma mai horarwar da ke zaune a Turai ko Afirka ta Kudu ba zai zo Yamai ya tsaya bakin hanya ba. Abin da zai nema shi ne lambobi: nauyi nawa, wat nawa a minti 5, wat nawa a minti 20. Yaron da ke da su a rubuce yana da takardar shaidar da ake karantawa a ko'ina.

Shawarar wannan fili ga uba ko maigida ita ce, in keken na da gatarin Shimano na zamani, ya sayi na hannun hagu, sabo, mai batirin kwabo, mai gyara kansa da zafi, ya ajiye sauran kuɗin don taya da agogo. Wanda ya riga ya shiga sahun gaba a gasar ƙasa, kuma kekensa mai kyau ne, shi ya dace da na tauraro. Ƙungiya kuwa, ko attajirin da ke son taimaka wa unguwa, ya fi kyau ya sayi guda ɗaya a riƙa zagayawa da shi: hannun hagu ɗaya mai tsawon 172,5 zai hau duk keken da ke da gatari da tsawo irin nasa, ma'aunin cikin feda kuwa zai hau kusan kowane keke. Da na'ura ɗaya da littafin rubutu ɗaya ana iya gwada yara 20 sau ɗaya a wata biyu, a san wanda Allah ya hore wa ƙafa tun yana ɗan shekara 16. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba maganar taya da irin wadda ta fi jure ƙaya da zafin kwalta.